Wanda Ya Ba da Aikin Shi Ake Bi Bashi

Akwai amsar da kusan duk mai aikin jinga ta hannun kamfanin dillanci a Najeriya ya haddace: "Malam, ka ƙara haƙuri, mu ma ba a biya mu ba tukuna." Mai fassarar da ya kwana uku yana juya takardar wayar da kai kan rigakafi daga Turanci zuwa Hausa ya sha jin ta. Matar da muryarta ke fita kullum a tallar rediyo ta sha jin ta. Haka matasan da ake ba wa waya a tura su ƙauyuka cike tambayoyin bincike, da masu ɗaukar hoto, da masu zane a kwamfuta, da sababbin shiga da ke naɗar murya ko tace rubutun Hausa domin kamfanonin fasaha na ƙasashen waje. An karɓi aikin, an yi amfani da shi, wani lokaci ma mai shi yana jin sa a rediyo ko yana ganin sa a allon talla a bakin titi, amma alat bai shigo ba.

Sau da yawa amsar gaskiya ce. Ma'aikaciyar da ta turo ta ba ƙarya take yi ba, asusun kamfanin ne ba komai a ciki, ita ma wataƙila albashinta na wata biyu yana maƙale. Sai dai kasancewar maganar gaskiya bai mayar da ita hujja ba. Wanda ya kira mutum, suka yi ciniki, ya karɓi aikin ya miƙa gaba, shi ake bi bashi, ko an biya shi daga sama ko ba a biya ba. Muddin wannan bai zauna a zukatan masu yin aikin da masu ba da shi ba, daga baya kuma ya shiga doka, mafi rauni a harkar ne zai ci gaba da ɗaukar nauyin kowa.

Ga yadda abin ke tafiya. Banki, ko kamfanin waya, ko wata ƙungiyar agaji ta duniya tana son a yi mata aiki da Hausa. Ba za ta tsaya neman mutum ɗaya a Kano ko Zariya ba, sai ta ba wani babban kamfani a Legas ko Landan kwangila. Shi kuma ya yanki nasa ya tura wa ƙarami a Abuja, ƙaramin ya ba kodineta, kodineta ya raba wa mutum ashirin ta WhatsApp. Kowane mataki da wa'adinsa na biya: kwana 30, kwana 60, wasu manyan kamfanoni har 90, kuma galibi ba a fara ƙirga kwanakin sai ranar da aka amince da takardar neman biya, wadda kan zo bayan gama aiki da makonni. In sa hannu ɗaya ya maƙale a sama, ko akanta ya tafi hutu, wata guda ya wuce. Na can ƙasa kuwa shi ya sayi data da kuɗinsa, ya zuba wa janareta mai, ya biya kuɗin mota zuwa ƙauye. Shi ya ranta wa kowa jari, ba tare da an tambaye shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin takaici, wannan ya saɓa wa dillancin da Bahaushe ya gada. A farkon shekarun 1960 wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin cinikin shanu da goro, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya tarar shi ne, falke zai kawo shanu daga Arewa ya sauka a wurin maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahautan gari bashi, a biya bayan 'yan makonni. Baƙon bai san mahautan ba, ba ya jin Yarbanci, ba shi da takarda ko ɗaya a hannu. Abin da ya riƙe shi ne maigida, domin shi ya tsaya masa: in mahauci ya gudu ko ya karye, maigida zai biya daga aljihunsa. Shi ya sa masu masaukin ke bin diddigin kowane mahauci, su san wa ke biya a kan lokaci, wa ya fara jan ƙafa, wanda ya ci amana kuma a daina ba shi bashi a kasuwar. Wata mai bincike, Polly Hill, ta ga tsari mai kama da wannan a kasuwar shanu ta Kumasi. Ɗan tsakiya yana cin la'ada ne saboda ya tsaya. Kamfanin dillancin zamani yana yankar kaso mai tsoka, kuma ya cancanci hakan in ya yi abin da ake biyan sa dominsa: ya san abokin cinikinsa, ya tanadi kuɗin sallamar ma'aikata kafin nasa su iso, ya kuma bi bashinsa da ƙafarsa. Wanda ya ɗauki la'ada ya bar wa ɗan jinga asara ya ci kuɗin aikin da bai yi ba.

Wasu na ganin jinkiri ba asara ba ne, tunda dai kuɗin za su zo. A inda farashi ke tashi kullum, wannan lissafin bai fita ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, wanda ke bin naira 300,000 aka riƙe masa wata shida, abin da zai iya saya da su ya ragu da fiye da naira 40,000, kuma ba mai cike masa. Abin ya fi muni inda ake biyan kamfani da dala, shi kuma ya yi ciniki da ma'aikata da naira. A Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda aka yi jinga da shi kan naira 460,000 a Mayu, daidai da dala 1,000, in aka ja shi har Fabrairu, dala 300 da 'yan kai ta isa a sallame shi. Ragowar ta zauna a hannun wanda ya yi jinkirin. A nan jan ƙafa ya zama riba, kuma ba a cika barin abin da ke kawo riba don an roƙi mutum ba.

A yi wa ƙananan kamfanonin adalci, su ma ana danne su daga sama. Harkar talla ta isa shaida. Gidajen rediyo da jaridu sun daɗe suna kuka da bashin da kamfanonin talla ke riƙe musu, su kuma kamfanonin tallar suna nuna masu kayan da suka ba su kwangila. A Oktoban 2021 hukumar kula da talla, wadda ake kira APCON a lokacin kafin dokar 2022 ta mayar da ita ARCON, ta fitar da ƙa'idar aiki mai suna AISOP, ta ce a riƙa biyan kuɗin talla cikin kwana 45. Ƙungiyar masu ba da talla, ADVAN, ta ƙi amincewa, tana cewa hukuma ba ta da hurumin shiga cinikin da kamfanoni suka ƙulla da yardarsu. Wannan hujja tana da ƙarfi in manyan kamfanoni biyu ne masu lauyoyi suka zauna. Tana rasa ƙarfinta in aka sauko kan yarinyar da ta karanta tallar minti ɗaya a wani situdiyo a Kaduna, wadda ba ta isa ta ce a sauya ko layi guda a takarda ba, domin in ta ce a'a akwai goma a bayanta. Sannan ƙa'idar ta harkar talla ce kaɗai, mai tattara bayanan bincike ba ya ƙarƙashinta.

Dokar ƙwadago ta Najeriya an gina ta ne kan ma'aikaci mai ubangida da albashi. Wanda ke aiki da kayansa, a lokacin da ya zaɓa, ana biyan sa kan abin da ya kammala, kotu takan kalle shi a matsayin ɗan kwangila, don haka yarjejeniyar da ya ƙulla ita ce garkuwarsa. A dokar kwangila, wanda aka ƙulla da shi ake ƙara. Ke nan ɗan jinga ba zai iya kai bankin da ya amfana da aikinsa kotu ba, sai fa in kamfanin tun farko ya bayyana cewa shi wakili ne kawai, da sunan bankin yake ɗaukar mutane. Amma wannan ƙa'idar ita ce kuma ta ɗaure kamfanin, domin rigimarsa da banki ba ruwan ɗan jinga a ciki. Kamfani ba ya samun mafaka sai in ya rubuta a takarda cewa ba zai biya ba sai an biya shi, mutum kuma ya sa hannu. Wannan layin ne ya kamata kowa ya nema kafin ya ɗauki biro, kuma yawanci yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa.

Wasu ƙasashe sun ga illar wannan layin sun taka masa birki. A Birtaniya, dokar gine-gine ta 1996 ta hana ɗan kwangila cewa ba zai biya na ƙasa da shi ba sai an biya shi, in ban da inda mai aikin ya karye, kuma dokokin 2003 da ke kula da kamfanonin samar da ma'aikatan wucin gadi sun hana kamfani riƙe kuɗin ma'aikaci da hujjar cewa wanda aka yi wa aikin bai biya ba. Birnin New York ya kafa doka da ta fara aiki a Mayun 2017: duk aikin jinga da ya kai dala 800 sai an rubuta shi, in ba a sa ranar biya ba a biya cikin kwana 30 da gamawa, wanda ya ƙi kuma kotu na iya sa shi ya biya ninki biyu. A 2024 dokar ta game jihar New York baki ɗaya. Indiya, wadda yanayin ƙananan masu sana'arta ya fi kusa da na Najeriya, tun 2006 ta ce wa'adin biyan ƙaramin mai sana'a kada ya wuce kwana 45.

Kafin Najeriya ta kai can, akwai hanyoyi a ƙasa, kuma sun fi yadda ake zato sauƙi. Mafi yawan masu bin irin wannan bashi tun a waya suke faɗuwa, ba su ma kai ga kotu ba. Mutum zai kira, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce, "Yallaɓai, dama na ce bari in ji ko akwai labari." A ce masa, "In sha Allahu ƙarshen wata." Ya yi godiya ya kashe waya, ba abin da ya rage a rubuce. Kunya ce ke aiki a nan, da tsoron kada a ce ya cika naci a cire shi daga aiki na gaba. Amma kamfanin da ake bi bashi goma, kuɗin da ke hannunsa kuma na biyan uku ne, wanda ya fi matsa masa yake fara sallama. Mai kawaici yana ƙarshen layi. Ga al'ummar da akasarinta Musulmi ne, bai kamata neman haƙƙi a rubuce ya zama abin kunya ba: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma malamai suna ƙirga jan ƙafar mai hali wajen biya a cikin zalunci, bisa hadisin da ke cikin Buhari da Muslim.

Matakin farko shi ne tattara shaida. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar abin da ya fito daga na'ura, don haka saƙon WhatsApp da imel suna shiga gaban alƙali in an cika sharuɗɗan sashen. Saƙon da aka ba da aikin, inda aka faɗi farashi, ranar da aka miƙa, amsar "mun gani, ya yi kyau", da takardar neman biya, duk a adana su, a kuma riƙe wayar da suke ciki. Wanda ya yi cinikinsa da baki bai makara ba. Saƙo ɗaya cikin ladabi ya isa: "Hajiya, ina son in tabbatar, kuɗin aikin da na miƙa ranar kaza naira kaza ne, wa'adinsa kuma ya cika ranar kaza. Haka ne?" In ta amsa da "Haka ne, ka ƙara haƙuri," an amsa bashin ke nan a rubuce. Daga nan sai a tsallake kodineta, wanda galibi ba shi da iko da asusu, a nemi akanta ko shugaban kamfanin. Yana da kyau kuma a duba sunan kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, domin sanin cikakken sunansa da irin rajistarsa. In rajistar sunan kasuwanci ce kawai, mai shi ake bi da kansa. In cikakken kamfani ne, kamfanin ake ƙara da sunansa na rajista, kuma kuskure a sunan yana iya ɓata shari'a.

Sai takardar gargaɗi. Ba ta buƙatar zagi ko dogon Turanci: adadin kuɗi, aikin da aka yi, ranar da wa'adi ya cika, lambar asusu, da ranar ƙarshe da in ta wuce za a tafi kotu. A kai ta ofis a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafi, a kuma tura ta imel. Bashi da yawa a nan yake fita, saboda a ranar ce kamfani ke gane cewa mai wannan bashin ba zai manta ba.

In bai fita ba, akwai kotun da aka kafa musamman domin irin wannan. Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi ta a Janairun 2019, jihohi da dama kuma sun bi sahu. Tana zama ne a ƙarƙashin majistare, ta fara da sauraron bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma ƙa'idarta ita ce a gama shari'a cikin kwana 60 daga ranar shigar da ƙara. Mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya, fom ne ake cikewa a wurin magatakarda, takardar gargaɗin nan kuma sharaɗi ce kafin a karɓi ƙara. Sharaɗi na biyu shi ne kuɗin su zama adadi sananne, abin da ya sa saƙon "haka ne" ke da daraja. Bayan hukunci, in kamfani ya ƙi biya, kotu na iya umartar bankinsa ya cire kuɗin daga asusunsa. Wanda ke son a rabu lafiya yana iya farawa da sulhu: Kano tana da cibiyar sulhu a ƙarƙashin babbar kotu tun 2009, kuma abin da aka amince da shi a can in alƙali ya sa hannu ya zama hukunci. Ga bashin da ya haura naira 200,000 a kan cikakken kamfani, sashe na 572 na Dokar Kamfanoni ta 2020 ya ce wanda aka ba takardar neman biya ya yi mako uku bai biya ba ana iya ɗaukar sa a matsayin wanda ya kasa biyan basussukansa, a nemi kotun tarayya ta rushe shi. Wannan hanya ce mai tsada da ke buƙatar lauya, kuma kotu ba ta bin ta in akwai jayayya ta gaskiya a kan bashin. Lokaci ma yana da iyaka: a Legas da Abuja shekara shida ce daga ranar da wa'adi ya cika, a wasu jihohi biyar.

Matsalar da ta rage ita ce nisa. Mai bin naira 80,000 a Gusau, kamfani kuma yana Ikeja, kuɗin isar da sammaci da zirga-zirga na iya cinye rabin bashin. Kamfanonin da ke cin haƙƙin mutane sun san wannan lissafi sarai. Maganinsa shi ne taro. Mutum ashirin da suka yi aiki ɗaya in suka haɗa takardunsu suka ɗauki lauya guda, bashin naira 80,000 ya zama na miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, kuma babu mutum ɗaya da za a ware a ce shi ne mai taurin kai.

Akwai hanyoyi biyu da zuciya ke kai mutum, dukansu kuma suna iya juyowa kansa. Ta farko ofishin 'yan sanda. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar shari'ar laifuka ta 2015 sun hana kama mutum saboda saɓa kwangila kawai, kuma Kotun Ƙoli ta faɗa a 2018, a shari'ar da ta shafi bankin Diamond, cewa EFCC ba hukumar karɓar bashi ba ce. Wanda ya sa aka tsare mai kamfani kan bashi yana iya wayar gari shi ake nema ya biya diyya. Ta biyu Facebook. Faɗin abin da ya faru, da kwanan wata da adadi, ba tare da ƙari ba, abu ne da mutum zai iya karewa. Kiran wani ɓarawo ko ɗan damfara yana buɗe ƙofar ƙarar ɓata suna, kuma an sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama masu rubutu.

Wanda aka yi wa aikin fa, wato banki ko ƙungiyar da ke sama? Ba a ƙarar sa, amma ana iya sanar da shi, in dai mutum bai sa hannu kan sharaɗin ɓoye sirri da ya hana hakan ba. Manyan ƙungiyoyi da yawa suna da ƙa'idar da suke ɗora wa 'yan kwangilarsu da hanyar shigar da koke, kuma ba abin da kamfanin dillanci ke tsoro kamar abokin cinikinsa ya ji cewa kuɗin da ya saki wata uku da suka wuce ba su kai ga masu aikin ba. Marubuci da mai fassara da mai zane suna da wani ƙarin makami. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, haƙƙin aiki yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙire shi in ba a yi yarjejeniya saɓanin haka ba, kuma miƙa shi gaba ɗaya ba ya inganta sai a rubuce. Wanda ya rubuta a yarjejeniyarsa cewa haƙƙin ba ya komawa hannun kamfani sai an biya shi cif, ya sa banki ma ya damu da a biya shi.

A Nijar, da Chadi, da Kamaru, dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta ƙungiyar OHADA mai ƙasashe 17 ta tanadi hanyar gaggawa tun 1998, aka kuma sabunta ta a 2023. Mai bin bashin da adadinsa ya tabbata kuma wa'adinsa ya cika zai kai takardunsa gaban shugaban kotu, a ba shi umarnin biya ba tare da an fara kiran wanda ake bi ba. Shi wanda ake bin yana da 'yan kwanaki ya yi jayayya, in bai yi ba umarnin ya zama hukunci. Mai fassara a Maraɗi ko Damagaram da ke aiki ta hannun wani kamfani a Yamai yana da wannan ƙofa.

Masu aiki da kamfanonin ƙasashen waje kuwa, kotu ta yi musu nisa, amma sunan kamfani yana da tsada a can. Masu fassara sun daɗe suna duba allon da shafin ProZ ya tanada, inda ake ba kamfanoni maki kan yadda suke biya, kuma kamfani mai mutunci ba ya son mummunan maki a kansa. In yarjejeniyar a ƙarƙashin dokar Birtaniya take, dokar 1998 ta ba mai bin bashi damar ƙara ruwa na kashi 8 cikin ɗari a kan na babban bankin ƙasar, da diyyar wahalar bi ta fam 40, ko 70, ko 100 gwargwadon girman bashin. A Tarayyar Turai diyyar ba ta gaza yuro 40 ba. Ambaton waɗannan a takarda yakan nuna wa akanta cewa mai rubutun ya san abin da yake yi.

Sai dai nan akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Babban makamin Turawa a kan jinkiri shi ne kuɗin ruwa, Musulmi da yawa kuwa ba za su karɓa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta halatta sharaɗin tara a kwangiloli amma ta ware inda abin da ke kan mutum bashi ne, domin ƙari a kansa riba ce. Wanda ya tsaya a kan wannan dole ya kare kansa tun a farko, tunda ba zai cike asararsa a ƙarshe ba. Tela da kafinta da magini duk sun san kafin alƙalami, ba dalilin da zai sa mai fassara ya ji nauyin neman kashi 30 ko rabi kafin ya fara. Babban aiki a raba shi kashi-kashi, kada a miƙa na uku sai an biya na farko. In da dala ake biyan kamfani, a yi cinikin da dala, a biya da naira a farashin ranar biya. Dandalin Upwork ya gina wani ɓangare na kasuwancinsa kan haka: mai ba da aiki yana ajiye kuɗin a hannun dandalin kafin a fara. Da sabon kamfani kuma, a fara da ƙaramin aiki a ga yadda hannunsa yake.

Duk wannan nauyi ne da aka ɗora wa wanda bai yi laifi ba, kuma bai kamata a tsaya a nan ba. Dokar kwangila tana cikin hurumin jihohi, don haka majalisar Kano ko Kaduna ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta ce aikin jinga da ya kai wani adadi sai an rubuta shi, a biya cikin kwana 30 ko 45, sharaɗin "sai an biya mu" kuma ba ya aiki a kan mutum ɗaya mai sana'a. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi, tana iya hana sabunta shi ga duk wanda ke da hukuncin bashin ma'aikata a kansa bai biya ba. Kotunan ƙananan basussuka a Arewa suna buƙatar fom da Hausa da sanarwa a rediyo, domin waɗanda aka kafa su dominsu da yawa ba su taɓa jin labarinsu ba. Manyan masu ba da kwangila kuma, musamman ƙungiyoyin agaji da ke neman rasit na kowace litar mai da kowace kujerar taro, suna iya ƙara layi ɗaya a takardunsu tun gobe: ba za a saki kason ƙarshe na kwangila ba sai kamfani ya kawo shaidar banki cewa mutanen da suka yi fassarar, suka naɗi muryar, suka shiga ƙauyukan, an biya su.